Na rufe shi a ɗaki minti huɗu, yanzu ko banɗaki ba ya shiga shi kaɗai

Maman Abba, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ya tsaya mini a rai tun ranar Talata.

Yarona shekararsa huɗu da wata uku. Sunan surukina gare shi, shi ya sa muke ce masa Abba. Tun da na haifi ƙanwarsa wata biyar da suka wuce, yaron nan ya zama kamar an musanya mini shi. Da na zauna ba ta nono, a lokacin zai tuna yana jin ƙishi, a lokacin zai hau kan randa, a lokacin zai kwashe takalman mutanen gida ya zuba a kwata. Ranar Talata na kwantar da ita a tabarma na shiga madafa, ban kai ga sauke tukunya ba na ji ta tsala ihu. Mintsininta ya yi a cinya, har shatin farcensa ya fito.

Ni na yi wa kaina alkawarin ba zan riƙa dukan yaro ba, don na san abin da tiyo ya yi mana a gidanmu. Matar yayan maigidana da ke Duwala ta taɓa ce mini su keɓe yaro suke yi, ya zauna shi kaɗai, kowace shekara minti ɗaya. To mu ciki da falo gare mu. Na ja shi uwar ɗaka na jawo ƙofa na riƙe. Babu wuta, ɗakin duhu, ga zafin nan namu na Afrilu. Yana dukan ƙofa yana "Mama buɗe", ni ina duba agogon waya. Da minti huɗu suka cika na buɗe, na same shi a rakuɓe bayan ƙofa ya jiƙa wandonsa.

Yau kwana uku ko banɗaki ba ya shiga sai an tsaya masa, cikin dare kuma ya farka yana laluben ƙofa. Surukata ta ce da na zuba masa biyu da tuni an wuce wurin. Duka ba na so, keɓewar ma ga inda ta kai mu. Yaya zan yi da shi?

Alhaji Mai Goro, Marwa:
Wa alaikumus salam. 'Yata, surukarki ta fi ki gaskiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu goma sha ɗaya mahaifinmu ya haifa, tsumagiyar darbejiya na soke a jikin zana, babu wanda ya lalace a cikinmu. Biyu a mazaunai, ya yi kukansa, ya share hawaye, ku ci tuwo. Amma rufe ɗan mutum a ɗaki cikin wannan zafi? Ko akuya ba a yi mata haka. Wannan horo na masu ɗaki biyar da na'urar sanyaya ɗaki ne.

Ummu Hanan:
Wallahi kamar labarin gidana. Ina nan ina bin bayani.

Madam ta Matanel, Ngaundere:
Maman Abba, da farko ki daina cin kanki. Kin yi ne don gudun duka, ba don mugunta ba.

Shekarata 14 ina koyar da 'yan matanel, wato ƙananan yaran da ba su kai shiga firamare ba. Mu ma muna da wannan, "o kwan" muke cewa, yaro ya je kusurwar aji ya juya wa mutane baya. Na yi shekaru ina yi. Abin da ya dawo da ni shi ne wata rana na lura yaran da ke zuwa kusurwa a watan Satumba su ne dai ke zuwa a watan Mayu. Mutum biyar ko shida, kullum su. Na ce in magani ne, ai da sun warke.

Ga yadda nake yi yanzu, a aji da kuma gida. Yaro ya daki wani, ba na kiransa daga nesa. Ni nake zuwa, in durƙusa har fuskata ta zo daidai da tasa, in riƙe hannun da ya yi dukan, riƙo na sosai amma ba matsewa ba. Magana biyu kawai: "Ba a duka. Da zafi." Daga nan zai fara fizge-fizge ko ya zube yana birgima. Ba na yin wa'azi a lokacin, don yaro mai birgima kunnensa a toshe yake. Sai in zauna nan kusa, in ya yarda in ɗora hannu a bayansa, in bai yarda ba in bar hannuna a inda zai iya kamawa. Za ki ji kukan ya sauya, daga na faɗa ya koma na ajiyar zuciya. Nan ne ƙofar take. Sai ki faɗa masa abin da ke cikinsa tunda shi ba shi da kalmomin: "Ka ji haushi na ɗauki ƙanwarka na bar ka ko?" Daga ƙarshe sai gyara. Shi zai ɗauko man shafawa, shi zai shafa mata a inda ya mintsina, kina riƙe da ita.

Kin ga ba a ƙyale shi ba. An hana shi, kuma ya biya. Abin da aka cire kawai shi ne korarsa daga gabanki.

Alhaji Mai Goro, Marwa:
Madam, wato ya yi laifi kuma a rarrashe shi. Gobe in yana son rarrashi sai ya sake mintsininta. Yara wayo gare su kamar zomo.

Madam ta Matanel, Ngaundere:
Baba Alhaji, tambayarku a kan hanya take. In sai ya yi laifi kaɗai yake samun jikin uwarsa, to lallai zai riƙa yin laifin. Shi ya sa aikin gaske ba a lokacin mintsinin yake ba, kafin nan yake. Yaron da ya ƙoshi ba ya satar ƙosai.

Nas, Njamena:
Bari in sa baki ta ɓangaren aikinmu na jinya. Sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda ke taka wa mutum birki idan zuciya ta kawo, shi ne na ƙarshe wajen nuna. Sai mutum ya kai wajen shekara 25 yake kammala. Ɗan shekara huɗu ya san mintsini ba kyau, in kin tambaye shi zai gaya miki, amma sani daban, iya riƙe hannu daban. Birkin da ba shi da shi, a wurin babba yake aro. In babban shi ma yana ihu, to mota biyu ke nan ba birki.

Sannan a yi wa horon keɓewa adalci. Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka mai suna Arthur Staats ne ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1950, kuma manufarsa a samu abin da zai maye gurbin duka. Asalin tunanin shi ne a ɗauke wa yaro hankali da wasa na ɗan gajeren lokaci, a wuri mai haske, cikin sanyin murya. Ba a ce duhu ba, ba a ce tsoratarwa ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka a 2018 ta fitar da matsaya cewa a bar duka, a bar zagi da kunyata yaro, amma ba ta hana gajeriyar keɓewa ba. Abin da ya faru da Abba tsoro ne, kuma tsoron duhu da ƙofa ne, ba na laifinsa ba.

Maman Abba, yaro ya koma fitsarin wando ko shagwaɓa bayan an yi masa ƙane abu ne da muke gani kullum. Kada ki yi masa dariya a kai, kada ki bari yaran gida su yi masa waƙa. Amma in kin ga yana kuka wajen fitsari ko jikinsa da zafi, a kai shi asibiti. Ki kuma duba lokacin da yake yin fitinar. Da yawa za ki tarar kafin abincin rana ne, ko ranar da bai yi barci ba. A zafin da ya haura digiri 40 babba ma neman faɗa yake.

Maman Abba, Garwa:
Nas, wallahi ƙarfe ɗaya saura ne, kuma tun kunun safe bai sa komai a cikinsa ba. Sai yanzu na tuna.

'Yar Marwa a Faransa:
Ni fa zan saɓa muku kaɗan. Nan ƙasar tun 2019 doka ta hana iyaye dukan yara, Suwidin ma tun 1979 ta riga kowa. Amma har yau su kansu Turawan ba su gama gardama a kan "tafi ɗakinka" ba, masana na ta sa-in-sa a rediyo da talabijin, wasu na cewa cutarwa ce, wasu na cewa rashin yin ta ne ke sangarta yara. Don haka kada wani ya zo mana da cewa an gama magana.

Ni 'ya'yana uku, ba kaka, ba goggo, ba maƙwabciyar da zan miƙa wa. In na dawo daga aiki ƙarfe bakwai, wani ya watsa wa wani miya, wallahi ba ni da ƙarfin durƙuso ina tambayar wa ya ji haushin wa. "Je ka zauna a gado, ƙofa a buɗe, ina zuwa." Wannan minti biyar ɗin ba don shi ba ne, don ni ne. Su ne ke shiga tsakanin tafin hannuna da kumatunsa.

Nas, Njamena:
Wannan kam ban musa miki ba, Adda. Uwar da ta ce "bari in sha ruwa in dawo" ta yi daidai.

Malam Na Islamiyya, Kusiri:
Assalamu alaikum. Abin da 'yar uwarmu ta Faransa ta faɗa yana da asali a wurinmu. Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. Wato babban ne aka fara umarta da ya canza wuri, ba yaron ba.

Kuma ina mamakin yadda ake kawo mana tausasa wa yaro kamar kayan da aka sauke a tashar jirgin ruwan Duwala. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa "tir" ba, bai taɓa ce masa don me ka yi kaza ko don me ba ka yi kaza ba. Umar ɗan Abu Salama, agolansa, hannunsa na yawo a cikin akushi. Bai kore shi daga wurin cin ba. Ya ce masa: ya kai yaro, ka ambaci sunan Allah, ka ci da damanka, ka ci abin da ke gabanka. Ku duba, gajerun umarni uku, a wurin da abin ya faru, kuma duka abin da zai yi aka gaya masa, ba abin da zai bari ba. Umar ya ce tun daga ranar haka cinsa ya zama. Nana A'isha kuma ta ce bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba.

Alhaji Mai Goro, Marwa:
Malam, Allah ya gafarta, kun tsallake ɗaya. Ina hadisin a umarce su da salla suna da bakwai, a dake su suna da goma?

Malam Na Islamiyya, Kusiri:
Ban tsallake ba, Alhaji, yana nan a Abu Dawuda. Amma mu ƙirga tare. Goma aka ce, Abba kuwa huɗu gare shi. A kan salla aka ce, ba a kan fasa kofi ba. Kuma tsakanin bakwai da goma shekara uku ne na tunatarwa, sau biyar a yini. Wanda ya yi wannan haƙurin ya zo mu yi maganar sauran. Malaman ma da suka halatta sun sa sharuɗɗa: ban da fuska, ban da wanda zai bar shati, ban da cikin fushi. To mu gaya wa kanmu gaskiya, in aka cire fushi, duka nawa zai rage a gidajenmu?

Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya ware babi guda a Muƙaddimarsa a kan cewa tsanani yana cutar da ɗalibai. Ya ce wanda aka rena da ƙuntatawa yakan koyi ƙarya da yaudara, yana nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba don tsoron hannun da ke kansa. A nan ya kawo maganar Ibn Abi Zaid cewa malami kada ya wuce bulala uku. Ni kaina da dorina aka karantar da ni, kuma na riƙe ta shekaru. Ban ajiye ta don wani Bature ba.

Direban Tirela:
Ni ba malami ba ne, tsakanin Ngaundere da Njamena nake rayuwata. Amma maganar ƙaryar nan ta taɓa ni.

Ina ɗan shekara tara mahaifina ya aike ni sayen kananzir da sefa 500. Na tsaya kallon ƙwallo, kuɗin suka faɗi. Na san abin da ke jirana, sai na ƙi komawa gida, na kwana a tasha ƙarƙashin wata mota. Da safe aka gano ni, na ce wasu manyan yara ne suka ƙwace. Aka yarda. A ranar na gane ashe ƙarya na hana duka. Daga nan na ƙware, har na girma ban ƙara gaya masa gaskiyar wani abu da zai ɓata masa rai ba.

Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, bai taɓa barin mu da yunwa ba. Amma da ya kwanta ciwon ajali, aka ce in zauna kusa da shi a bakin gado, wallahi na kasa. Ina da 'ya'ya huɗu a lokacin. A ƙasa na zauna wajen ƙafafunsa, in ya motsa hannu sai in ji gabana ya faɗi. Alhaji ya ce ba wanda ya lalace. Ni ma ban lalace ba. Amma ban san mahaifina ba, shi ma bai san ni ba.

Ummu Hanan:
Allahu akbar. Allah ya jiƙan magabata.

Alhaji Mai Goro, Marwa:
Amin. Ɗana, naka ya yi yawa, ni ba irin wannan nake nufi ba. Amma ku dubi yaran yanzu. Yaro ya tsallake ka a zaure ba gaisuwa, ido na kan waya. Mu da muka sha tsumagiya ba mu taɓa haɗa ido da babba ba. Ka ƙi naka duniya ta so shi.

Hajiya Mai Atamfa:
Salam, akwai sabbin atamfofi da lesuka sun iso, mai so ta yi mini magana ta gefe, ana aikawa har Gidar da Mokolo.

Mai Kula da Zaure:
Hajiya, ranar Asabar ce ranar talla. Don Allah a kiyaye.

Maman Biyu, Yagwa:
Ni tambaya gare ni ga Madam. 'Ya'yana shida, biyu tagwaye. Tun kafin asuba nake tashi suyar makala, wato fanke, in kai bakin hanya, in dawo in ɗora na rana. Ina zan samu lokacin da zan zauna a ƙasa ina jiran yaro ya gama birgima? Mai zai ƙone. Ku masu albashi kuna da sauƙin magana.

Madam ta Matanel, Ngaundere:
Yaya, albashin da ba ya kai ashirin ga wata? Amma kin faɗi gaskiya, kuma ba zan yi miki ƙarya ba, ba kullum yake yiwuwa ba. Ajina yara sun haura sittin. Akwai ranar da nake daka tsawa har ajin gaba su ji. Dokar ilimi ta Kamaru ta 1998, a sashe na 35, ta hana azabtar da ɗalibi a makaranta, amma kowa ya san abin da ke cikin aljihun teburin malamai da yawa. Ba mugunta ba ce duka, gajiya ce da yawan yara.

Abin da zan ce miki, ba sai kin zauna ba. Ki zaunar da shi kusa da ke, nesa da wuta, ki ce "zauna nan wurina har ka huce", ki ci gaba da suyarki. Ko ki ba shi aiki, ya riƙe miki leda, ya ƙirga makala. Bambancin duka tsakanin "tafi can" ne da "zo nan". In kuma wata rana hannu ya kufce, da dare ki jawo shi ki ce na yi fushi ɗazu, bai kamata in mare ka ba, kai ma abin da ka yi ba kyau. Girmanki ba zai zube ba.

Maman Biyu, Yagwa:
Ba wa yaro haƙuri? Tabɗi. Wannan sai na shirya.

Zainabu (Goggona ce ke magana, ni ke rubuta mata):
Goggo ta ce in karanta mata tun daga farko, ta saurara, ta ce in rubuta kamar haka.

Ta ce ku 'yan boko kun ɗauki hanya mai nisa zuwa bayan gida. Wannan rikicin sako da sako ne, ba yau aka fara ba. Da can in mace ta haihu, wanda aka sauke daga baya ba a barinsa a tsakar gida yana kallo. Kaka ce ke ɗauke shi, ko goggo, ko wata yaya. Ya zama ɗan ɗakinta, tare za su ci, tana ce masa maigida, yana ce mata matata, ta ɓoye masa ƙanzo da ragowar fura. In ya yi laifi uwa ta biyo shi da muciya, bayan kaka zai ɓuya, kaka ta ce "bar mini shi", sai ya huce ta yi masa faɗan a hankali, da dare kuma ta sako laifin nasa a cikin tatsuniya, Gizo ya ɗauki nauyin. Ta ce ba a taɓa horon yaro da kaɗaici ba, sai dai a canza masa cinya.

Ta ce kuma a tambayi mai tambayar: yaushe rabonki da ki goya shi?

Maman Abba, Garwa:
Goggo ta kama ni. A gaishe ta, a ce ina neman addu'a.

Gaskiyar magana ɗan fari ne, kuma gidan surukai nake. Ko sunan Abban ba na kira a gaban mutane, "kai yaro" nake cewa. Ban taɓa ɗora shi a cinya a gaban surukata Dada ba, kunya ba za ta bar ni ba. Da sai dare, in mun shiga ɗaki, yake samuna. Tun da aka yi haihuwar nan kuma aka mayar da shi ɗakin Dada yake kwana, ita kuma ƙafa ta matsa mata, ba ta iya hidimarsa. Yanzu da nake rubutawa nake lissafi: wata biyar ke nan yaron nan bai taɓa jikina ba sai wajen wanka, wankan ma ina yi ina faɗa. Ita kuwa jaririyar kullum tana bayana ko ƙirjina, yana gani.

Malam Na Islamiyya, Kusiri:
Kunya alheri ce, 'yar uwa, amma ki riƙe wannan. Aƙra'u ɗan Habis ya ga Annabi (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan, ya ce ni 'ya'yana goma ban taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Aka amsa masa cewa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. A gaban mutane aka yi sumbar nan. Kara ga ɗan fari al'adarmu ce, mu da Fulani, tana da kyawunta, amma yaro ɗan shekara huɗu bai san kara ba. Abin da ya sani, an ɗauki waccan an bar shi.

'Yar Marwa a Faransa:
Ba sai kin yi fito-na-fito da al'ada ba. Ɗakinki naki ne. Ki saki labule.

Alhaji Mai Goro, Marwa:
Maganar Goggo ita ce magana. Ni ma kakata ce ta riƙe ni, ban musa ba. Amma tsumagiyar na nan a jikin zana ko ba a taɓa ta ba.

Maman Abba, Garwa:
Salam. Na dawo da bayani bayan kwana shida, tunda wasu sun tambaye ni ta gefe.

Washegarin ranar, bayan azahar jaririya ta yi barci, na kira shi ɗaki, na bar ƙofa a buɗe na saki labule. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shigowa, yana kallon marfin. Na ce masa ba zan ƙara rufe ka ba, ranar na yi kuskure. Bai ce komai ba. Na ɗauko zani na juya masa baya na ce zo hau. Ya daɗe yana kallona kamar mai tunanin tarko ne, sannan ya taho da gudu ya ɗane. Nauyi kamar buhun masara, ƙafafunsa har gwiwata. Na ɗaure, na yi ta zagaya ɗaki ina ninke kaya. Ya kwantar da kai a tsakanin kafaɗuna yana wasa da ɗankunnena, can na ji ya ce, "Mama, ita ma in ta girma za ki sauke ta?" Na ce sosai ma. Minti kaɗan ya yi barci, gumi ya jiƙa mu duka.

A haka Dada ta ɗaga labule tana neman ashana. Na rasa inda zan sa kaina. Ta kalle mu ta ce, "Ƙato da shi, ba kunya," ta ɗauki ashanarta. Har ta fita ta dawo ta ce in gyara masa wuya ya karkace.

Ba zan ce an gama ba. Wata rana ya sake kai wa ƙanwar hannu, ina daka. Wannan karon na riga shi, na riƙe hannun, na durƙusa na ce ba a mintsini. Ya zube ya yi birgima a ƙasa har ya yi buɗu-buɗu, matan gida na kallo, wata na cewa ga abin da sangarta ke jawowa. Zuciyata ta kawo har wuya. Na zauna a kan turmi na yi shiru. Ya kai minti goma sha biyar kafin ya rarrafo ya kama zanina. Dakan ranar sai yamma na gama, tuwo ya yi dare, maigida ya yi magana.

Banɗaki ya fara shiga shi kaɗai da rana, amma sai an bar ƙofa a buɗe. Da dare har yanzu sai na raka shi da tocila.

Nas, Njamena:
Ki ci gaba da raka shi, kada ki gaggauta. Ki kuma matso da abincin ranarsa gaba kaɗan, ko ɗan ƙosai ne da ƙarfe sha ɗaya.

Maman Biyu, Yagwa:
Na gwada "zauna nan wurina" da Hasan jiya. Ya zauna. Kafin in juyo ya cinye makala huɗu na sayarwa. Madam, wa zai biya ni?

Madam ta Matanel, Ngaundere:
Yaya, gobe ki zaunar da shi ta ɓangaren da ba tire.